Katin Kwalin Saudatu

"A maida musu goronsu!"

Saudatu na durƙushe bakin ƙofar ɗaki.

"Baba..."

"Na ce a maida. Ba ni ba ɗan karta ɗiyata."

Malam Rabo bai ɗaga murya ba, bai saba ba. Manomi ne a wani ƙauye gefen Tchaké, yana da shanu kaɗan da taurin kai mai yawa. Kowace la'asar yana gindin gawo yana dara, kuma an yi shekaru ba a cinye shi ba.

Wanda ya aiko da goron Haisam ne, mai gyaran salula a kasuwar Tasawa. Can Saudatu ta kai salular innarta gyara, shekara ɗaya da rabi ke nan. Salula ta gyaru, zuciyarta ta zauna a rumfar.

"Baba, wallahi ba caca ba ce. Wasa ne cikin salula."

"An gaya mini. Kati yake rabawa. Na san kati. Kati ya cinye gonar ƙanena Ɗan Azumi ina kallo."

"Ka bari ya zo ya nuna maka..."

"Ɗan caca baki gare shi. Ba ni sauraren shi."

Hawaye suka zubo mata. Ta kalli innarta, inna ta kalli ƙasa.

"To ni in nuna maka."

Ya juyo.

"Kin iya?"

"A'a."

"To?"

"Zan koya, Baba."

Ya daɗe yana kallonta.

"Kasuwar Tasawa huɗu na ba ki. Ranar ta huɗun ni da ke za mu, ki yi shi gabana. Kafin nan ba ki magana da yaron, ba ki karɓar komi daga hannunshi. In na ga caca, an rufe maganar har abada."

Kira guda ya yarda mata, na sallama.

A ƙauyensu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya sauka cikin gida. Sai an hau tudun da ke bayan rumbuna, an ɗaga hannu sama. Nan ta tsaya da rana tsaka ta kira Haisam.

"Saudena! Mi ya faru? Muryarki..."

"An maida goro."

"Don mi?"

Ta gaya masa duka.

"Ke kaɗai? Hasken idona, wasan nan ni kaina wata uku na yi kafin in gane gabansa. Bari in turo miki..."

"Ba ka turo komi. Na yi rantsuwa."

"To in yi yaya?"

"Ka jira."

"Saude, in kika kasa fa?"

"Kada ka faɗa!"

"Ban iya rayuwa..."

Rezo ya ɗauke. Ta yi ta ɗaga hannu har kafaɗarta ta gaji. Bai dawo ba.

Wasan na cikin salularta tun bara, Haisam ne ya sa mata, ba ta taɓa buɗewa ba. Ba ya tashi sai da rezo mai ƙarfi, na tudu kuwa kira ma da ƙyar. Abin da ya rage mata shi ne kallo. Akwai gwanaye da ke wasan a intanet jama'a na kallonsu kai tsaye, suna bayani. In an zuba bidiyonsu cikin memwar, ɗan katin ajiyar nan na salula, ana kallo ko babu rezo.

Ranar kasuwa ta farko ta bi innarta Tasawa saida man shanu. Ta zagaye layin masu salula don kada ta ga rumfar Haisam. A bakin wata butik, ɗan kanti, aka riƙo mata hannu.

Kausar ce, ɗiyar gwaggon Haisam. Ta yi karatu har lise, babbar sakandare, tana wasan ita ma, kuma tun suna yara take ganin Haisam nata ne. Daga gidansu maganar karta ta fita har ta kai kunnen Malam Rabo. Saudatu ba ta san wannan ba.

"Ma sheri! Na ji labari, wallahi har na yi kuka. Kawo memwar ɗinki."

"Za ki taimake ni?"

"Haba, ke da za ki zama tamu? Zan zuba miki Anwar. Babu gwani kamarsa."

Ta zuba mata Anwar ɗin kuwa. Bidiyo talatin. Sai dai ta zaɓo na shekara biyu da suka wuce. Masu wasan suna sauya ƙarfin katunan lokaci lokaci, duk mai rezo ya san haka. Wanda ke kan tudu bai sani ba.

Saudatu ta rungume ta.

"Allah ya biya ki, Kausar."

"Amin, ma sheri."

Ta fara kallo washegari bayan ta gama daka.

Anwar saurayi ne mai gilashi, yana zaune a wani ɗaki mai fitilu, cikin wata ƙasa da ba ta sani ba. Faransanci yake yi da sauri kamar ana korarsa. Ita kuwa a aji shida ta bar lakol. Cikin kalma goma takan kama uku.

Bidiyon farko ba ta gane komi ba. Katuna na tashi, suna faɗuwa, wuta na walƙiya, yana ihu.

Ta kifa kai ta yi kuka.

Ta share ido ta maido shi farko.

A kallo na biyar ta gane kowa na da ganuwa, wanda tasa ta rushe an cinye shi. A kwana na uku ta gane ɗigon nan masu launin shuɗi: duk zagaye ana ƙara maka guda, kuma kowane kati da yawan ɗigon da yake ci kafin ya fito fili. Sunayen katunan sun fi ƙarfin bakinta, sai ta raɗa musu nata. Maƙeri. Mai Baka. Karen Dawa. Giwar Ƙarfe.

Da Tsohuwa Mai Fitila.

Ita ce uwar dabarar Anwar. Ɗigo uku take ci. Yakan bari a kashe masa ƙananan katuna da gangan, ya yi kamar ya rikice, sai a zagaye na uku ya ajiye Tsohuwa, ta ɗaga fitila, matattun duka su tashi. Daga nan sai rushe ganuwa.

"Wanga yaro ba ya numfashi?" in ji innarta, tana tankaɗe.

"Koyarwa yake, Inna."

"Yana ganinki?"

"A'a."

"To mi ya sa kike ce mishi na'am?"

Batir ba ya kai bidiyo uku. Sai ta kai sharji gidan maƙwabta masu panno mai aiki da hasken rana, ta dawo ta zauna hannu sake. Wannan zaman ne ya sa ta tara kwalin shayi da na sukari. Ta yanka su daidai, ta zana kowane kati da biro, ta rubuta ɗigonsa a kusurwa. Tsakuwa ta zama ɗigo. Ta shimfiɗa tabarma, ta zauna wannan gefe ta yi wasa, ta tashi ta koma wancan gefe ta rama.

Malam Rabo kan wuce ya gan ta. Ba ya tsayawa.

Kasuwa ta biyu ta wuce. Ta uku ta wuce.

Wata rana da hantsi ta hau tudu ba don kira ba. Ta ga sunan Haisam a salula, kira goma sha ɗaya da ba a ɗauka ba. Ta ɗora yatsa a kan sunan.

Ta janye.

"Ka yi haƙuri, masoyina," ta ce wa iska. "Saura kwana shida."

Ranar kasuwa ta huɗu suka shiga motar Tasawa da sassafe, ita da babanta. Katunan kwalin na ƙulle a gefen zanenta.

A rumfar Oumarou mai goro suka zauna, abokin Malam Rabo tun na samartaka. Can tsallaken hanya Haisam na tsaye gindin bango, ya rame. An gaya masa kada ya tsallako. Kausar kuwa ta zo har cikin rumfa, ta gaida dattawa da ladabi, ta zauna kusa da Saudatu.

"Kada ki ji tsoro, ma sheri."

"Buɗe," in ji Malam Rabo.

Wasan ya tashi. Ta jera katunanta kamar na Anwar, cikin waɗanda ake bai wa sabon shiga. Aka haɗa ta da wani can wata duniya.

Zagaye na farko ta ajiye Karen Dawa. Aka kashe.

Na biyu ta ajiye Mai Baka. Aka kashe. Ta yi ajiyar zuciya, haka ake so.

Na uku. Ta ja Tsohuwa zuwa fili.

Tsohuwa ta dawo hannunta.

Ta sake ja. Ta sake dawowa.

Ta matso da salula kusa da ido. A kusurwar katin, inda ta san akwai uku, shida ne.

"A'a... a'a, ba haka take ba..."

"Mi ne ne?" in ji babanta.

"Uku ce, Baba! Wallahi uku ce!"

Kafin ta tara ɗigo shida ganuwarta ta rushe.

"Sake," ya ce.

Ta sake. Ta daure har zagaye na shida, ta ajiye Tsohuwa. Fitila ta ɗagu. Kati guda kaɗai ya tashi, sauran suna kwance. Aka rushe ta.

"Sake."

Na uku ba ta ma ganin katunan don hawaye. Kwana ashirin tana kallo, dabara guda ta sani, kuma dabarar ta mutu ba a gaya mata ba. Ganuwa ta zube. Ta ajiye salula kan tabarma.

Ta ɗaga ido tsallaken hanya. Haisam ya dafe bango da hannu biyu.

"Na kasa, Baba." Ta sunkuyar da kai. "Na kasa nuna maka."

Kausar ta dafa ta.

"Ayya... haka Allah ya so."

Malam Rabo ya miƙo hannu.

"Awarwaronki."

Ta nuna masa. Suna nan.

"'Yan kunne."

Suna nan.

"Sau nawa aka cinye ki?"

"Uku."

"Mi ya fita daga hannunki?"

Ta dube shi.

"Babu komi."

"Shi wanda ya cinye ki, mi ya ɗauka?"

"Babu, Baba. Tauraro ake sa mishi gefen sunanshi."

Oumarou ya kwashe da dariya.

"Rabo, kai shekara nawa kana cinye mu gindin gawo? Ko tauraron ba mu ba ka ba!"

"Rufe baki, Oumarou."

Ya ɗaga hannu ya yafito Haisam. Yaron ya tsallako mota na yi masa oda, ya zube ƙasa.

"Ina kwana, Baba."

"Ana sa dukiya cikin abin nan? Kada ka yi mini ƙarya."

Haisam ya ɗago kai.

"Akwai masu sayen sababbin katuna, Baba, ba ni ɓoye maka. Ni ban taɓa saye ba. Amma ba a cin na kowa. Wanda ya faɗi, da abinshi yake tashi."

"Ranar da na ji ka saya, da ƙafata zan zo."

"Na ji, Baba."

"Mi ya samu tsohuwarta?"

Haisam ya ɗauki salular, ya buɗe bidiyo guda. Fuskarsa ta sauya.

"Wannan ai na shekara biyu ne! An sauya katin nan tuni, kowa ya sani. Saude, wa ya zuba miki wannan?"

Saudatu ta juya a hankali.

Kausar ta miƙe tana gyara gyale.

"Mama na jirana," ta ce.

Babu wanda ya tsaida ta. Haisam ya bi ta da ido har ta ɓace cikin kasuwa, bai kira sunanta ba.

Malam Rabo ya nuna ƙullin da ke gefen zanen ɗiyarsa. Ta kwance ta ba shi. Ya juya kwalayen ɗaya bayan ɗaya, zanen biro, gefensu duk ya laushi don taɓawa. Ya tsaya kan wata tsohuwa mai riƙe da fitila.

"Kuskurenki guda," ya ce. "Kin ɗora gidanki duka kan mutum ɗaya. A dara ba a yin haka."

Ya juya ga Haisam.

"Ka iya dara?"

"A'a, Baba."

"Juma'a a dawo da goron. Kai ka zo da wuri. In cinye ka tukuna."

Saudatu ta rufe fuska da gyale, kuka ya ƙwace mata.

"Saudena..." Haisam ya ce ƙasa ƙasa. "Duka wannan kika zana?"

"Arba'in ne."

"Don ni?"

"Don wa kake tsammani?"

"Ya isa," in ji Malam Rabo. "Ba a ɗaura ba tukuna."

Bayan azahar suka shiga motar komawa. An cika ta da buhuna da kaji, Saudatu na matse gefen babanta. Sun bar kwalta, sun yi nisa cikin yashi, sannan ta lura kwalayenta talatin da tara ne. Ta sake lalubawa.

Ta ga gefen guda ya leƙo daga aljihun rigar babanta.

Ta maida sauran ta ƙulle a gefen zanenta.

Can kusa da gida, yana kallon gonaki ta taga, ya yi gyaran murya.

"Saude."

"Na'am, Baba."

"Ita tsohuwar nan... lokacin da take da uku. Faɗa mini yadda take tada matattun."