Zuwansa na Huɗu Shagon Hedifon

"Kin gani da idonki, ko sai na ara miki nawa?"

Yaya ce ta faɗa, tana nuna ƙofar gilashin shagon da haɓa. Auta, ƙanwarta, ta kafa wa gilashin ido. Ai ta gani.

Can ciki, tsakanin kantar wayoyi da ta caja, Dogo ne a tsaye, mutumin da saura wata biyu ya zama mijinta. Ya ɗauko hedifon, irin manyan nan masu rufe kunne ruf, ya ɗora wa 'yar shagon a ka da hannunsa. Har da gyara mata zamansa. Sannan ya sunkuyo dab da fuskarta, bakinsa na motsi.

Yarinyar ta yi wani fari da ido ta cikin tabarau, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Zuwansa na huɗu ke nan," in ji Yaya. "Ƙawata mai shagon takalma tana ganinsa. Tun farko na ce miki mai gyaran fanka ba ajinki ba ne, kika ce kin ji kin gani. To ga shi nan."

"Yaya, don Allah..."

"Tsaya nan kina don Allah. Ni na yi gaba. In kin dawo gida ki faɗa wa Baba da bakinki cewa an fasa."

Ta ja jakarta ta tafi.

Ita fa Auta aikinta saurare ne. Ofishinsu kan turo mata muryoyin da aka naɗa, hirarraki da tarurruka, ta ji ta buga su a kwamfuta a gida. Gidan kuwa katanga ɗaya ce ta raba shi da masu walda. Tun safe ake dukan ƙarfe, sai ta ƙure ƙarar ɗan abin kunnenta kafin ta ji me ake cewa, yamma na yi kunnuwan su kama ƙugi. Ta taɓa yi wa Dogo ƙorafin haka sau ɗaya, ya ce Allah ya sawwaƙe. Amma a tsayen nan da take, ƙirjinta kamar an zuba garwashi, ina ta tuna da wannan?

Ta tura ƙofar.

"Sannu da aiki, Injiniya."

Ba ta kiransa Injiniya sai ranta ya ɓaci. Dogo ya juyo a firgice, har ya ture kwali.

"Hasken idona... me kike yi a nan?"

"Na zo ganin fankar da ta lalace ne." Ta dubi yarinyar daga sama har ƙasa. "Wannan ce?"

"Baiwar Allah, kwastoma ne fa," in ji 'yar shagon, tana zare hedifon ɗin.

"Ban tambaye ki ba."

"Tsaya ki ji," Dogo ya rage murya. "Ke nake saya wa. Na so in kawo miki ba ki sani ba."

"Ni kake saya wa, a kanta kake gwadawa?"

"Tabarau gare ta, kamar ke. Hannun tabarau yana ɗaga soson da ke zagaye kunne, in ya ɗaga kuwa ƙara ta samu hanya. In na gwada a kaina ba zan gane ba. Masu tsadan nan da ke kashe ƙara da batir sun fi ƙarfina, kuma ma ƙugin inji suka fi kashewa, ba dukan ƙarfe ba. Mai soso mai kauri nake nema, wanda bayansa a rufe yake."

Ya iya bayani, wannan kam ba ta taɓa musu ba. Sai dai idonta na kan yatsunsa, waɗanda ɗazu suka taɓa gashin wata.

"Shi ne sai ka kai bakinka fuskarta?"

"Ina kunna mata rediyo ƙasa-ƙasa, kamar yadda za ki yi aiki, sai in yi magana in ji ko tana jina. Duk wanda na sa mata, sai ta ce tana ji sarai. Shi ya sa nake dawowa ko an kawo sabo."

"Me kake ce mata?"

"Ɗaya, biyu, uku."

"Kullum?"

"Kullum."

Auta ta juya ta dubi yarinyar. Shekara uku tana zaune da muryoyin mutane a kunne, ta san yadda murya take in mai ita ta ji abu, ta kuma san yadda take in haddacewa ta yi.

"Wanne ka fara gwadawa ranar farko?"

Ya nuna wani baƙi a can ƙasan kanta, cikin masu sauƙin kuɗi. Ta ɗauko, ta matsa soson da yatsa, ya lotsa ya dawo a hankali. Ta jona a wayarta, ta kunna wata hira daga cikin aikinta, ta rage ƙarar, ta miƙa wa yarinyar.

"Sa mu gani."

"Ni ina da aiki."

"Sa mata mana, ai kwastoma ce," in ji mai shagon, wani dattijo da tun ɗazu yake kallonsu ta saman jarida.

Yarinyar ta sa, ba don ta so ba. Auta ba ta tsaya a gabanta ba. Ta zagaya bayanta, inda ba a ganin baki, ta ce da murya irin ta hira:

"Mutumin nan yana da mai shi, 'yar uwa."

Sannan ta ɗaga mata gefe ɗaya.

"Me na ce?"

Yarinyar ta kalli Dogo, ta kalli ƙasa.

"Ɗaya... biyu... uku."

Dattijon ya rufe fuska da jarida, kafaɗunsa na rawa. Dogo kuwa bakinsa a buɗe.

Auta ta karɓe, ta goge soson da gefen mayafinta, gogewa ba ta wasa ba, ta ɗora a kanta. Soson ya kwanta a kan hannun tabaraunta bai matse ta ba. Hayaniyar titi ta ja baya, ta yi nisa. Sai muryar hirar kaɗai, a hankali, tar kamar a ɗaki ɗaya suke. Rabon da ta ji magana haka ba tare da ta yamutsa fuska ba, har ta manta.

"Wannan," ta ce wa dattijon. "A wurinka zai biya."

Sai da suka fito, suka wuce shagon takalma, sannan ta tsaya.

"Kalle ni. Kai da ke gane ciwon fanka daga kukanta, ba ka gane ƙarya take maka ba?"

Ya daɗe yana juya ledar hedifon ɗin a hannunsa.

"Na fara zargi a zuwa na uku."

"Amma ka yi na huɗu."

"Na yi."

Da ma ya yi mata ƙarya, da ta samu abin yin faɗa a kai.

"Saboda me?"

"Rabi saboda kunnenki, wallahi. Rabi kuma..." ya kawar da kai. "Ta ce na fi mai shagonsu sanin kayan sauti. A gidanku ba a taɓa cewa na san wani abu ba. In na zo, Yaya ta ce ga mai fanka nan, kowa ya yi dariya, ke kuma ki sunkuyar da kai. Ya yi min daɗi da wani ya yabe ni. Ban taɓa son ta ba, ko sunanta ban riƙe ba. Amma na ji daɗin, kuma bai kamata ba. Ki yafe min, masoyiya."

Hawayen da take riƙewa tun bakin ƙofa suka zubo. Kishin bai tafi ba, yana nan daram. Sai dai kunya ta zo ta zauna kusa da shi, don ta tuna sau nawa ta sunkuyar da kan nan.

"An ce in je in faɗa wa Baba an fasa," ta ce.

Fuskarsa ta canza.

"Za ki faɗa?"

Ta cire tabarau ta share ido, ta mayar. Ta bar shi ya ɗan jira, don shi ma ya ɗanɗana.

"Wuce mu je. Za ka tsaya a tsakar gida ka ji abin da zan faɗa wa Yaya a kanka, da ƙarfi, har masu walda su ji. Daga yau in yabo kake so, wurina za ka zo, ina da shi da yawa, rowa na yi maka."

"Hasken idona..."

"Ban gama ba. Layin nan kuma ka yi sallama da shi."

Ya fara murmushi, ya kasa ɓoyewa.

"Ko fankarsu ta lalace?"

Ta fizge ledar daga hannunsa ta rungume a ƙirji.

"Su sha zafi."