Tsohuwar da Ɗalhatu Ya Ƙera

Ɗalhatu ma'aikacin lantarki ne, yana zaune a unguwar Bin Omran, can ƙasar Larabawa, cikin gidan kamfani, hawa na uku, da matarsa Alimatu da 'yarsu Jannat mai shekara goma sha biyar. Kamfanin ya karɓi aikin shirya gidan ban tsoro na nishaɗi a wani babban kanti, aka ɗora masa ƙera mutum-mutumi masu motsi. A falo yake aikin. Ya samo injin waifa mai share gilashin mota, ya haɗa da bututun roba, ya lulluɓe da baƙin yadi, ya sa masa fuskar tsohuwa. In mutum ya gifta, sai ta miƙe a hankali daga kujera, ta juyo da kai.

Wata Talata gab da magariba, Alimatu tana tsintar shinkafa, tsohuwar ta miƙe.

"Baban Jannat, kashe abin nan, an kusa kiran salla."

Ɗalhatu ya dubi bango. Wayar wutar tana yashe a ƙasa, ba a jona ta ba. Ya kwance injin, ya kulle shi a akwatin kayan aiki.

Washegari da faɗuwar rana tsakuwa ta fara saukowa a tsakiyar falo, ɗaya bayan ɗaya, tagogi kuwa a rufe. Jannat ta fito daga ɗaki, ta ture mutum-mutumin, ta zauna a kujerarsa. Ta miƙe a hankali, ta juyo da kai. Suka yi niyyar kai ta asibiti, amma tana isa bakin ƙofa ta sandare, su biyu suka kasa ɗaga ta.

Kwana uku suna ciki. Alimatu ba ta iya barinta, Ɗalhatu ba ya iya barin su biyun. Manaja yana ta kira. Babu dangi a garin, babu inda za su.

Ran Asabar bayan la'asar Malam Abdul-Hakim ya zo, mahaddaci ne ɗan Zariya da ke gadi a unguwar Mansura, ko kakinsa bai cire ba. Ya zauna ya fara karatu. An daɗe kafin bakin Jannat ya buɗe, muryar kuwa ta tsohuwa ce.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Baƙuwa, kamar ku. An rushe inda nake, an yi bene. Ina yawo na ga ya ƙera jiki babu mai shi, na shiga. Sai ya cire mini motsi."

"Yarinyar fa, me ta yi miki?"

"Ita tana motsi." Ta juyo da kai wajen Ɗalhatu. "Ka mayar da injin, in koma. Ka kai ni kantin. Yanzu zan sake maka ita."

Ɗalhatu ya miƙa hannu ga akwatin. Malam bai hana shi ba, ya ce kawai, "'Ya'yan mutane ne za su shiga wurin nan, Ɗalhatu."

Hannun ya tsaya. Alimatu tana kuka marar sauti. Ya janye hannunsa, ya sunkuyar da kai.

Malam ya ci gaba da karatu har muryar ta dushe. Daga ƙarshe ta nemi abu biyu: a buɗe taga, kuma kada a farfasa jikin sai ta yi nisa. Ya amince, ya sa ta rantse ba za ta dawo ba. Aka buɗe. Iskar zafi ta shigo. Jannat ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta, ta ce tana jin yunwa.

Da safe Ɗalhatu ya wargaza komai, ya je ya gaya wa manaja ba zai iya aikin ba. Manaja ya rubuta masa takardar gargaɗi, ya ce khalas, magana ta ƙare, an ba Prosper, abokin aikinsa, shi ma a gida zai ƙera.

"Yana da yara?" Ɗalhatu ya tambayi direban kamfani bayan ya shiga mota.

"Mata biyu, ƙanana."

Ɗalhatu ya sauko daga motar komawa gida, ya nemi a kwatanta masa gidan Prosper.