Masu Tsohon Ɗakin Jira

Gidan Mai Tasha yana bayan dandamali na biyu, katanga ce kawai ta raba shi da layin dogo. Da yamma, idan jiragen birni suka fara dawo da ma'aikata, kofunan da ke kan kanta sukan yi ta rawa har sai taragon ƙarshe ya wuce. Mutanen gidan sun saba, ba sa ma ji.

Ran da abin ya fara, jirgin magariba ya sauke mutanensa ya tafi, tashar ta yi tsit. Mai Tasha ya rataye hularsa. Matarsa tana kwashe shanya. 'Yarsu Auta, wadda ke karatu a birni tana dawowa kullum a jirgi, ta zauna bakin ƙofa tana cire takalmi. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Aka saurara. Sai wani, sai wani. Tsakuwa ce irin ta tsakanin layi, ta yi baƙi da mai, kuma da matar ta ɗauki ɗaya sai ta yar, don zafi ne da ita kamar daga murhu aka ciro ta.

"Yaran unguwa ne," in ji Mai Tasha. Bai fita ya duba ba.

Tashar ta tsufa. Da farko dandamali ɗaya ne da ɗan ɗakin jira na jan bulo, inda manoma ke fakewa da kayansu. Da birni ya cika ya tumbatsa, unguwanni suka taso, aka ƙara layi, aka gina dandamali na biyu da gadar masu ƙafa da zauren sayar da tikiti. Aka daina shiga tsohon ɗakin, amma ba wanda ya taɓa shi. Kowane shugaban tasha ya zo ya same shi a kulle, ya tafi ya bar shi a kulle. Sai wannan na yanzu. Shi yana son filin ajiye baburan fasinjojin safe, ga kuma manya za su zo duba tasha.

Tsohon da ke share dandamali ya ce masa, "Ranka ya daɗe, wurin nan akwai masu shi. In ya zama dole, ka tsaya bakin ƙofa ka yi musu sallama, ka ba su 'yan kwanaki su kwashe nasu ya nasu."

Ya ce to. Amma ya ji kunyar a gan shi cikin kayan aiki yana magana da ƙofa. Da yammacin ranar ya sa aka rushe ɗakin, da tsohon ya tambaye shi kuma ya ce ai tuntuni ya yi sallamar.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da faɗuwar rana sai an yi. Daga baya lasifikar dandamali ta fara magana bayan an kashe ta, muryar mace, ba sanarwar jirgi take yi ba, kira take yi a hankali irin na uwa mai neman 'ya'yanta. Auta ta rage cin abinci. Wata yamma ta sauka daga jirgi ba ta shigo gida ba, aka same ta a sabon filin babura tana zagaye, tana jan ƙafar hagu. Likita ya duba ƙafar, ya ce lafiyarta ƙalau.

Uwar ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta huce a kan yarinyar. "Sau nawa ina ce miki ki daina tsayuwa kan gadar nan da magariba kina kallon jirage? Ke kika jawo mana wannan."

Auta ta yi ta kuka tana cewa ba za ta sake ba. Mai Tasha yana zaune a wurin. Ya kalli tafin hannunsa, ya tashi ya ce zai je ya duba fitilun layi. Makwabta ma suka ɗauki maganar, ana hana 'yan mata hawa gada da sunan Auta. Yana ji, yana wucewa.

Da yarinyar ta daina amsa sunanta, ƙanin uwarta ya kawo wani malami daga wani gari, dattijo mai sanyin murya. Ya sa aka kwantar da Auta a falo, uwar ta riƙe kanta, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Rana ta sunkuya, inuwar gada ta shigo ta taga. Can jikin Auta ya sandare, ta buɗe baki, muryar lasifikar nan ta fito.

"Ka daina, kana ƙona ni."

"Wace ce ke?" in ji malam.

"Mun riga ƙarfen nan zuwa. Da aka shimfiɗa layi muka matsa. Da aka yi dandamali muka matsa. Aka bar mana ɗaki ɗaya, muka zauna, ba mu taɓa kowa ba."

"To me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba abin da ta yi. Takan ma gaishe mu in ta wuce, ba ta san wa take gaisarwa ba." Idanun Auta suka juya suka tsaya kan ubanta. "Shi aka ce ya yi mana sallama. Bai yi ba, ya ce ya yi. Bango ya faɗo kan ƙafar 'yata. Na ce bari ya ga yadda ake ji."

Matar ta ɗago kai ta dubi mijinta.

"An zalunce ku," in ji malam. "Amma kin kama wadda ba ta ci ba ba ta sha ba, ke ma kin yi zalunci. Ki fita."

"A mayar mana da ɗakinmu."

"Ɗaki ya tafi."

"To a yanka mana abu."

"Wannan ba za a yi ba. Ba a yanka sai don Allah." Ya ci gaba da karatu, muryar ta yi ta nishi har ta dusashe.

"Tsaya," ta ce. "Za mu tafi. Muna da dangi a ƙarshen layi. Amma akwai tsofaffi, ga mai karaya, kuma jirgin ubanta ba ya jiran kowa. Ya riƙe mana jirgin magariba. Ya bar mana taragon ƙarshe. Ya faɗa da bakinsa."

Mai Tasha ya durƙusa gaban 'yarsa. "Ku yi haƙuri. Zan riƙe."

Tun da ya fara aiki bai taɓa tsayar da jirgi fiye da ƙa'ida ba. Ranar ya roƙi fasinjojin taragon ƙarshe su matsa gaba, ya tsaya bakin ƙofar da tutarsa a ƙasa. Direba ya yi oda. Mutane suka leƙo ta tagogi suna tsaki. Shi kuwa ya juya ya fuskanci filin babura, ya yi sallama da ƙarfi, kowa yana kallo. Iska mai sanyi ta shafi gwiwoyinsa ta wuce, ta sake wucewa, ta sake. Ya ga taragon ya ɗan nutse kan ƙafafunsa kamar an yi masa lodi. Ya jira har ya tabbata ba saura, sannan ya ɗaga tuta.

Da ya koma gida Auta tana zaune tana shan ruwa. Ba ta tuna komai ba. Da ta gan shi sai ta miƙe a kan ƙafafunta biyu, ta zo ta durƙusa.

"Baba, ka yafe min. Ni na jawo muku wahalar nan. Wallahi ba zan ƙara tsayawa kan gadar ba."

Matar tana tsaye bakin ƙofar ɗaki, hannunta a naɗe, tana jira. Malam ya sunkuyar da kai yana ɗaura jakarsa.

Mai Tasha ya zauna a ƙasa kusa da 'yarsa.

"Auta, tashi daga durƙuson nan," ya ce. "Ba ke ba ce. Zauna in gaya miki abin da babanki ya yi."