Gonar Luba

Luba tana tankaɗe a tsakar gida sai surukinta, Malam Ɗantsoho, ya shigo da kan yadi a kafaɗa, baki har kunne.

"Ku taho ku gani! Kyautar Bature ce. Bana kowace gona ta gidanga baban rini za a shibka, oda ce daga kamfani!"

Baturen nan, da mutanen Jega suka sa wa suna Jan Wuya, ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙasar Hindu yana noman baba, ganyen da ake rini da shi. Da kasuwa ta juya masa baya a can, sai ya tattaro ya zo ya gina kwatamai na jiƙa baba a bakin gulbi. Shi dai a noma masa baba zalla, gero kuwa ko oho.

Luba ta durƙusa.

"Malam, a yi mini aikin gahwara. Gonata ta Jandutsi gadon mahaihina ce, gero ni ka shibkawa. Ba a tuƙa tuwo da shuni."

Wai! Tsohon nan ya yi tsalle kamar ya taka garwashi. Ya juya kan ɗansa Sambo.

"Ka ji matakka? Ko ta ba da gonag ga, ko ka sake ta yau!"

Sambo, wanda bai taɓa ɗaga wa ubansa ido ba, ya ji zuciyarsa ta rabu biyu. Hawaye ya zubo masa.

"Malam, na noma maka gandu da hannuna har in hwaɗi. Amma Luba ban sakinta, ba ta yi laihi ba."

"To ku bar mini gida!"

Haka suka koma Jandutsi, suka kafa bukka a gefen gona. Kullum da asuba Sambo yakan taka zuwa gandun ubansa ya yi noma, ko gaisuwarsa ba a amsawa, da la'asar ya dawo ya kama wa matarsa. Luba ta sha kuka, don tana ganin ita ta raba ɗa da uba.

"Bar kuka," in ji Sambo. "Ni na zaɓa, kuma ban yi nadama ba."

Kaka ta yi, geron Luba ya cika rumbu, baba kuma ya yi kyau ƙwarai. Sai ga labari cewa fatake sun fara kawo shunin gwangwani mai araha daga Turai. Jan Wuya ya ɗaure kayansa ya bi gulbi, ko sallama babu. Marinan Jega suka sayi abin da suke iya saye, saura ya ruɓe a tsibi.

Da bazara, da rana tsaka, Ɗantsoho ya yi sallama a ƙofar bukka. Ya rame ƙwarai.

"Ɗiyata, ko irin shibka ba mu da. Kunya ta hana ni zuwa tun tuni."

Luba ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama masa fura.

"Malam, tun kaka munka ware muku dammanku na gero, muna jiran ku bari a kawo. Sambo, hau rumbu!"

Tsoho ya rufe fuska da rawani yana kuka. Sannan ya ce, "Ku kwashe kayanku. Gida mu ka zuwa."

Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ba ta kai a zalunci wanda bai yi laifi ba. Sambo ya riƙe ubansa da haƙuri, ya riƙe matarsa da gaskiya, Allah kuwa ya bar masa su duka.