Magaribar da Ba Ta Yi Ba

Wata ranar Talata da damina, Inna Asibi ta je duba gonarta ta Durun, ta iske baƙi suna kafa duwatsun iyaka. Suka ce ɗanta Mahbub ne ya sayar daga Italiya, ga takarda ma da dangwalenta. Da la'asar tana gaban Sufeto Nata'ala. Jibi za a kai maganar gaban dagaci, kuma in ya sa hannu, gona ta tafi.

Nata'ala mutum ne mai sanyin jiki kamar ba ɗan sanda ba, amma kallon tsohuwar ya tayar masa da hankali. Ta ce shekara uku ke nan Mahbub yana wanke kwanuka a wani tsohon gari na bakin teku. Wata biyu da suka wuce aka rubuto daga sabon shafi cewa wayarsa ta faɗa ruwa. Tun daga nan ba ta ƙara jin muryarsa ba, sai rubutu, har ranar da ya ce ta dangwala a wata takarda wai ta gyaran iyaka.

"Ba gonar ce kaɗai ke cina ba," in ji ta. "A ce Mahbub ne ya yi mini haka?"

Sufeto ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Hotuna kam gwanin sha'awa: gidaje masu launi a kan tsauni, wani bisa wani, matakala ba iyaka, Turawa na yawon yamma da askirim a hannu. Saƙon jiya, bakwai da minti biyar, yana cewa yanzu suka idar da magariba, an kunna fitilun bakin ruwa.

Ya fara da Jibirin, dillalin da ya kawo masu sayen gonar, a Gwarzo. Jibirin ya yi ta rantsuwa, amma ba rantsuwar ce ta wanke shi ba. Wayarsa ƙarama ce, ba ta ko buɗe hoto, shi kuma ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. Murja, 'yar Inna, wata uku tana jego a Mainika, ba ta taɓa wayar ba. Saura wa? Nata'ala ya koma tsofaffin saƙonnin muryar Mahbub na bara, yana saurare har kunnensa ya yi zafi. A na sha ɗaya ya miƙe tsaye.

Washegari da aka fito daga sallar magariba yana zaune a tsakar gidan Inna. Wayar Inna ta yi ƙara. Ba a yi minti biyu ba sai ga Zubair, ɗan mijinta, ya yi sallama. Shi ne mai karanta mata saƙo kullum, ya kuma ci tuwo.

"Karanta mana," in ji Sufeto.

Zubair ya karanta: an idar da magariba, ana hira a bakin teku. Nata'ala ya kunna muryar Mahbub ta bara, yana dariya yana cewa da damina sai mutanen Durun sun kusa isha'i rana ke faɗuwa a can.

"Mai rubutun nan a masallacin unguwar nan yake salla," in ji Sufeto. "Hotunan kuma tsofaffi ne, daga wayar Inna aka kwashe su. Wa ke riƙe ta, Malam Zubair?"

Zubair ya ce shi dai karatu kawai yake yi. Aka ciro waya ta biyu daga aljihunsa, saƙon na nan a kai. Shi ne kuma ya toshe lambar Mahbub a wayar Inna.

Nata'ala ya buɗe lambar, ya kira. Sai da ta yi ƙara shida, Inna ta riƙe ƙirji, sannan fuskar Mahbub ta bayyana.

"Inna, wata biyu ina nemanki. Lafiya?"

 Inna ta ƙura wa wayar ido, tana kallon rana a bayansa, ja wur a kan teku, ba ta faɗi ba tukuna.