Shuɗayen Turakun Fadama

Ranar da ta fara ganinsa yana tsaye ne a cikin fadamar bayan gidansu, laka har ƙwauri, ido ɗaya manne da wata na'ura mai ƙafa uku. Malama ta taso daga makarantar da take koyarwa, ta tsaya a jikin katanga tana kallonsa kamar ta ritsa ɓarawo. Wata uku ke nan ana raɗe-raɗin wani kamfani ya mallaki fadamar, zai cike ta da ƙasa ya gina shaguna da gidaje. Yau ga raɗe-raɗin ya zo da ƙafarsa, har da hular kwano.

"Malam, wa ya ba ka izinin shiga nan?"

Ya ɗago yana kore sauro daga wuyansa. "Ranki ya daɗe, safiyo ne ni. Awo kawai nake yi."

"Tela ma da awo yake farawa kafin ya sa almakashi."

Ya yi dariya har na'urar ta so kifewa. Ita kuwa ta haɗe rai ta shige gida, sai dai ba ta kai falo ba ta sake leƙowa ta taga, wai don ta tabbatar bai taɓa bishiyar kowa ba. Allah ya kyauta, ba bishiya take kallo ba.

Mako shida ya yi yana aikin. Kullum da yamma sai ta tsinci kanta a bakin katanga, shi kuma aikinsa ya riƙa ƙarewa daidai wurin. Ya nuna mata yadda busasshiyar laka ke barin zane a jikin itatuwa, ya zagaya da ita ta ga turakun da ya kafa: jajaye can sama wajen titi, shuɗaye a nan ƙasa, wasu taku goma kacal daga katangun mutane. Ta tambaye shi bambancinsu, ya sosa ƙeya.

"Malamata, na sa hannu ba zan faɗi sakamakon awo ba sai na miƙa rahoto. Ki ɗan yi mini haƙuri."

Ta yi haƙurin, don zuwa lokacin zuciyarta ta riga ta gama yanke hukunci ba tare da shawararta ba. Da safe saƙonsa ke tashinta:

"Barka da asuba, sanyin idona. Na auna tudu na auna kwari, ban ga inda ya kai zuciyata zurfi ba tun da kika faɗa ciki."

Ta mayar masa: "Ɗan Awo, ka rage daɗin baki ka sa takalmin roba. Jiya na ga maciji kusa da kwalbati. Idan wani abu ya same ka ban san yadda zan yi ba."

A cikin gida kuwa fadamar ta raba kan iyayenta. Babanta tsohon akawun kotu ne, shi ne shugaban ƙungiyar mazauna unguwa, kuma gidansa ne na ƙarshe a layi, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa wajen gina shi. A ganinsa duk wanda ya taɓa fadamar ya taɓa shi. Mama ba ta ganin haka.

"Kai kana maganar tsuntsaye da iska mai sanyi," take ce masa. "Ni ina maganar asibitin da suka ce za su gina. Ka manta ranar da ciwon ƙirjinka ya tashi, muka yi awa guda a hanya kana numfashi sama-sama? Ga sauro ya mayar da mu abincinsa."

"Idan suka cike ta, ruwan damina ina zai je? Ɗakinki zai zo ya kwana."

Malama kuwa, duk wanda ya yi magana a cikinsu sai ta ji shi ne mai gaskiya.

Ran nan aka wayi gari da buldoza biyu a bakin titi, an lulluɓe su da tamfol, bakinsu na kallon unguwa. Ba su motsa ba, ba su yi ƙara ba, amma tun daga ranar hira ta ragu a ƙofar gidaje. A makon ne Safiyo ya turo kawunsa neman izinin auren Malama. Baba ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, sannan ya ce, "Ka gaya wa ɗanka, hannun da ya kafa turke a bayan katangata ba zai karɓi 'yata ba."

Akwai wanda wannan magana ta yi wa daɗi. Sakataren ƙungiya ya shekara biyu yana kawo wa Baba takardun da ba su da gaggawa, don dai ya ga Malama ta kawo shayi. Shi ne ya tare ta a hanya ya miƙa mata wayarsa. Hoton Safiyo ne a cikin motar manajan kamfani, taswira shimfiɗe a cinyarsu, manajan ya dafa kafaɗarsa.

"Ƙanwata, ni ba na son shiga tsakani," in ji shi, alhali ya shiga har wuya. "Amma ki yi tunani. Shuɗayen turakun nan har gindin katangarku suka zo. Nan ginin zai tsaya. Da ke ya fake ya auna gidan ubanki."

Ta rubuta wa Safiyo: "Ka gaya mini gaskiya yau. Mene ne shuɗayen turaku?"

Amsa ta zo: "Ki yarda da ni zuwa Alhamis, Malamata. Don Allah."

Ba ta yarda ba. Kuka ta yi, mai cin rai, sannan ta je ta sami Baba ta ce ta san inda kowane shuɗin turke yake. Washegari da sassafe dattawa bakwai suka bi ta cikin raɓa, tana nunawa suna tumɓukewa. Arba'in da bakwai suka cire, suka jibge su a bayan garejin Baba. Jajayen sun yi nisa, gwiwoyin tsofaffi kuma sun gaji, aka ce a bar su sai wani jiƙon. Suka koma gida suna taya juna murna kamar sun ci yaƙi.

Da hantsi Safiyo ya yi sallama a ƙofar gidan. Babu hular kwano, babu na'ura, idanunsa sun yi ja. Baba ya fito zai kore shi, sai Safiyo ya durƙusa a kan simintin.

"Baba, ka ba ni minti biyar. Yanzu ba ni da wani alkawari a wuyana, don jiya da yamma aka sallame ni."

Malama tana bayan labule tana saurare.

"Jajayen turaku su ne iyakar gini," ya ce. "Shuɗayen kuwa iyakar ruwa ce. Mako shida ina bin zanen laka a jikin itatuwa don in gano inda ambaliya take tsayawa. Duk abin da ke cikin layin nan doka ta hana a cike shi. Manaja ya sa ni a mota ya lallashe ni in goge layin daga taswira, na ƙi, ya karɓe na'urar da duk lambobin da ke ciki. Abin da ya rage mini shi ne turakun da ke ƙasa. Jibi jami'ar hukumar tsara gari za ta zo ta gani da idonta. Idan ba ta tarar da su ba, taswirar Manaja za ta sa wa hannu."

Baba ya nemi kujera ya zauna. "In aka cike ta fa?"

"Damina ɗaya, Baba. Ruwa zai kai tagar ɗakin nan."

Daga can gabas aka ji wata tsawa mai nauyi, irin wadda ba ta zuwa da wasa. Malama ta fito daga bayan labule, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ni ce na nuna musu. Da hannuna na nuna."

Ya juyo ya dube ta. Ta fi son ya zage ta da wannan kallon.

"Ba za ka iya sake awon ba?" in ji Mama.

"A kwana biyu, babu na'ura? Ba zai yiwu ba, Mama." Sai kuma ya miƙe zumbur. "Amma ramukan suna nan. Duk turken da aka cire ya bar rami. In muka mayar da kowanne mazauninsa kafin ruwa ya sauka ya shafe su, layin ya dawo."

Duk suka ɗaga kai sama. Hadari ya riga ya cinye rabin gari, baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak.

Ba a taɓa ganin tsoho ya yi sauri irin na Baba a ranar ba. Gida-gida ya bi yana buga ƙofa, har da sandarsa. "Ku fito! Ɓarnar da muka yi da safe za mu je mu gyara, kowa ya tuna inda ya yi tasa!" Dattawa suka fito suna gunaguni, wani da tabarau a goshi, wani da takalmi wari-wari. Sakatare ya ce yana da uzuri a cikin gari, ba a kuma sake jin ɗuriyarsa ba ranar.

Aka bazu cikin ciyawa a sunkuye. Wani ya tuna ya cire nasa kusa da gidan tururuwa, wani ya ce nasa yana inda ƙaya ta yage masa riga. Safiyo yana bin su da guduma, yana duba lambar da ke jikin kowane turke kafin ya buga. Malama tana gaba, gwiwa a laka, tana laluben ƙasa da yatsu. Ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Suna kan na talatin da tara ɗigon farko ya faɗo mata a bayan hannu. Iska ta taso ta yaye tamfol ɗin buldoza ɗaya, haƙoranta suka bayyana. Suka sami na arba'in, suka sami na arba'in da ɗaya, sannan sama ta ɓalle. Cikin minti kaɗan ƙasa ta zama kunu, ramuka shida suka tafi har abada, kuma shidan nan su ne na bayan gidan Baba.

A ƙarƙashin rumfar gareji suka fake, kowa jiƙe sharkaf. Malama ta matso kusa da shi.

"Ɗan Awo, ka yafe mini. Ka ce in jira Alhamis, na kasa."

"Ni ma da laifina," ya ce a hankali. "Na riƙe alkawarin kamfani na bar ki da zullumi. Ba zan ƙara ɓoye miki abin da ya shafi rufin da kike kwana a ƙarƙashinsa ba."

Ranar Alhamis jami'ar ta zo, mace mai ƙarancin magana, ta bi turakun ɗaya bayan ɗaya tana rubutu. Da ta iso inda layin ya yanke, ta tsaya. Manaja ya yi murmushi ya ce ai ga shi nan, nan babu komai. Baba ya buɗe baki zai yi ƙarya, aka ga ya rufe. Shekara talatin yana rubuta rantsuwar mutane a kotu, bai iya ba.

"Ni na cire su, ranki ya daɗe," ya ce. "Jahilci ne ya sa ni. Yaron nan ya kafa su don ya tsare gidana, ni kuma na bi su na tumɓuke."

Jami'ar ta dube shi, ta dubi ruwan shekaranjiya da har yanzu yake kwance taku goma daga katangarsa, daidai tsakanin turke na ƙarshe da wanda ke gaba. Ta ce a kawo mata guduma da turaku shidan da suka rage.

Hukuncin da ya fito bai faranta wa kowa rai duka ba. An ba kamfani tudun da ke sama, ya yi shagunansa da asibitin da ya yi alkawari, an hana shi taɓa kwarin. Manyan itatuwan bakin titi sun tafi a mako guda, Baba ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. Mama ta sami asibitinta, sauronta kuma yana nan. Manaja ya ce zai ɗaukaka ƙara, kuma har yau ba wanda ya san ranar da takardar za ta iso.

Baba da kansa ya aika a kira kawun Safiyo.

"Yaron ba shi da aiki yanzu," kawun ya faɗa, kansa a ƙasa. "Gara mu faɗi gaskiya."

"Na san dalilin da ya sa ba shi da shi," in ji Baba. "Ku sa rana."

An ɗaura auren a tsakiyar damina, ana jin ƙarar injinan gini daga tudu, sama kuma ta haɗe kamar za ta faɗo. Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannunta ya kasa saki. Ya juya ga angon.

"Ɗana, na yi maka mummunan zato, ka rama mini da alheri. Ga ta nan. Tana da saurin fushi, a wurina ta gado, ka yi haƙuri da mu duka biyu. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya tsare ku daga abin da kuke gani da wanda ba ku gani."

Aka amsa da amin har waje. Mama ta share hawaye ta tura su cikin mota, tana faɗa wa direba ya yi sauri kafin ruwa ya sauko. Baba ya tsaya a ƙofar gidansa har motar ta sha kwana, sannan ya koma ciki ya zauna a ɗakinsa, ya bar taga a buɗe.