Yarinyar Da Ba Ta Gaisuwa

Tas! Marin ya sauka a kuncin Mardiyya tun kafin ta gane wadda ke tsaye a gabanta. Robar ruwan da ke kanta ta kife, ta jiƙa mata 'yar rigarta sharkaf. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, marainiya, siririya kamar karan dawa.

"Ke ɗiyar wa ce da za ki hango ni tun daga zaure ki tsaya kina harara ta?" in ji Gwaggo Sa'ida, yayar marigayi mahaifinta. "Sau nawa nika hwaɗa miki in kin ga babba ki durƙusa?"

"Wallahi Gwaggo ban gane ki ba..."

"Da rana tsaka? Ji min maƙaryaciya!"

Kubra, uwar yarinyar, tana madafi tana jin komai, hawaye na ɗiga a kan muciyar da ke hannunta, amma ko tari ba ta yi ba. Ina za ta iya! Bafulatana ce daga Jangeru, Mardiyya kuwa 'yar farinta ce, wadda ko sunanta kunya ba ta barin ta ta faɗa, balle ta tare mata faɗa a gidan surukai. Tun da mijinta Zubairu ya rasu take zaune a nan Ƙauran Namoda, gidan mahaifinsa Malam Maccido, tana haɗiye duk abin da aka ɗura mata don kada a raba ta da 'yarta.

Abin da babu wanda ya sani shi ne, Mardiyya ba ta taɓa gane mutum da fuskarsa daga nesa ba. Da tufafi take ganewa: jan gyale Gwaggo ce, baƙin saƙi Innarta ce. To, sai Shari'a ta zo Zamfara, aka naɗa Malam Maccido alƙali, don murna ya sayo bandir guda na yadi ruwan toka aka ɗinka wa duk matan gidan hijabi iri ɗaya. Daga ranar duniya ta rikice wa baiwar Allah! Duk wadda ta tunkaro sai ta tsaya ta ƙanƙance ido tana son ta gane ko wace ce, wannan ƙanƙancewar kuwa ita aka sa wa suna harara.

Malamarsu ta firamare, Malama Halima, ita ta fara lura, ganin yarinyar sai ta taso har jikin allo kafin ta kwafi rubutu. Ta rubuto takarda a kai ta asibitin ido a Gusau, ta yiwu gilashi take bukata. Kubra ba ta karatun boko, sai ta miƙa wa Gwaggo Sa'ida. Gwaggo ta karanta tsaf, ta ninke, ta ce, "Ƙara ce anka kawo. Wai ɗiyarki ba ta da ladabi." Ta cusa takardar a murhu. Ita dai da ma tana aure a Moriki, zuwa take yi gidan mahaifinta ta yi kwanaki, 'ya'yanta duk maza ne, ta daɗe tana neman yarinyar da za ta riƙa yi mata daka da wanke-wanke.

Duk da haka zuciyar uwa ba ta kwanta ba. Wata safiya Kubra ta yi ƙarfin hali ta durƙusa a bayan labulen surukinta. "Baba, a gafarce ni... ina ganin kamar idon yarinyag ga ne. Ko a gwada mata irin gilashin nan?"

Kafin Malam ya buɗe baki Gwaggo ta cafe. "Gilashi? Ga ɗiya mace, 'yar ƙanƙanuwa? Ai na tsohi ne, kuma cinye ido shikai! Ido garau kamar na kowa, ba ja ba kwantsa. Baba, rashin tarbiyya ne, tarbiyyar ruga!" Aka rambaɗa wa Mardiyya kwalli, magana ta mutu a nan.

Ana haka sai babbar masifa ta auku. Ran wata Juma'a Malam yana zaune a ƙofar gida da manyan baƙi daga Zurmi, duk sun sha fararen riguna, Mardiyya ta dawo daga aike. Ta tsaya, ta ƙanƙance ido ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane kakanta ba, tsoro ya kama ta, ta shige gida da gudu. Jikar alƙali guda! Kunya ta rufe Malam, a ranar ya yanke hukunci: Mardiyya za ta bi Gwaggo Moriki ta koyo ladabi, Kubra kuma ta koma wurin iyayenta.

Wayyo Allah! Kwana uku Kubra ba ta iya haɗiyar ko kunu ba. Ba ta da wanda za ta kai wa ƙara, don wanda ake kai wa ƙarar shi ya yanke hukuncin. Sai dai ta ɗaga hannu sama tana cewa, "Ya Allah, Kai ne gatan maraya, Kai ka san abin da ban iya hwaɗi..."

Ranar tafiya Malam da kansa ya raka su tasha. Gwaggo ta damƙe hannun Mardiyya ta nufi motar Moriki, Kubra kuma ta tsaya da ƙullin kayanta a jikin motar Shinkafi da za ta kai ta garinsu, cikin tarin mata masu hijabi. Ana shirin tura yarinyar cikin mota sai ta fizge ta ruga tana ihu, "Inna! Inna, kar ki bar ni!" Ta zo daf da uwarta, bai fi taku biyar ba... ta wuce ta! Ta je ta ƙanƙame wata baƙuwar mata mai hijabi ruwan toka tana kuka. Da matar ta yi magana ta ji ba muryar Innarta ba ce, sai ta saki, ta shiga juyawa a tsakiyar tasha tana lalube, ga wata mota tana ja da baya ta nufo ta.

A nan kunyar shekara bakwai ta ƙare. Kubra ta yar da ƙullin ta kurma ihu, "Mardiyya! Mardiyyata, ga ni nan!" Yarinyar ta juya ta bi muryar kai tsaye, ta faɗa jikin uwarta.

Malam Maccido ya ga duk abin da ya faru. Can ya ja da baya kaɗan, ya ɗaga hannu. "Mardiyya, yatsu nawa na ɗaga?" Ta ƙanƙance ido, irin hararar nan dai da ta jawo mata mari ba adadi, ta ce cikin shessheƙa, "Malam, ban ga hannunka ba." Fuskar Zubairu ya gani sak, Zubairun da shi ma ya sha bulala a kan allo yana yaro, sai da ya girma aka gane ido ne.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Hawaye suka gangaro cikin farin gemunsa. "A kotu ban yanke hukunci sai na bincika, a gidana na zalunci marainiya ban tambayi kowa ba!"

Daga tasha makaranta ya zarce da su. Malama Halima ta ce ai wata biyu ke nan da ta rubuto takarda a kai yarinyar asibitin ido. Kubra ta ce Gwaggo ta miƙa wa, ita kuma ta cusa ta a murhu. Malam ya waiwayo ya dubi Gwaggo, ita kuwa ta rasa inda za ta sa kanta. Da suka koma, a tsakar gidan nan, a daidai inda ta mari yarinyar, ya sa ta durƙusa gaban Kubra da 'yarta ta nemi gafara, matan unguwa na leƙe ta katanga. Sannan ya ce ta kama hanyar Moriki ita kaɗai, kada ya sake ganin ƙafarta a gidansa sai ya neme ta.

Likitan Gusau ya auna, ya ce yarinyar ta daɗe tana bukatar gilashi, kuma babu idon da zai cinye. Ranar da aka karɓo shi, Malam ya sa mata da hannunsa tun a zaure. Ta leƙa tsakar gida, ga mata birjik cikin hijabi iri ɗaya. Ta durƙusa daga nan inda take, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunanta, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Sai idonta ya kai can ƙuryar gida, bakin madafi, ta hango Innarta.

"Inna," ta ce a hankali, "daga nan ina ganin ki... Ashe duk lokacin nan kuka kike yi?"